Sabon agogona ya tsaya, mai shago ya ƙi karɓa, mai gyara kuma ya sa shi gudu: wa ya cuce ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu da suka wuce na sayi Seiko 5 a kasuwa, mai shagon ya rantse mini na asali ne. Bai yi kwana goma ba ya fara tsayawa cikin dare. Na mayar masa, sai ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa. Na kai wa mai gyara, ya riƙe shi sati uku, kullum a dawo gobe. Da na karɓo sai ya koma gudu, yana ƙara wajen minti biyar a rana. Wa ya cuce ni a cikinsu? Kuma yaya ake gane mai sayarwa da mai gyara na kirki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na haura shekara ashirin ina zaune a teburin gyaran agogo a Kano, kuma zan fara da abin da ba lalle ya yi maka daɗi ba: mai yiwuwa ne ranar da ka mayar da agogon nan shago, lafiyarsa ƙalau.

Ga dalili. Seiko 5 ba ya cin batir. A bayan injinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin faifai, duk motsin da hannunka ya yi sai ya juya, juyawar nan ita ke naɗe sifirin ɗin da ke tafiyar da agogon. Akasarin Seiko 5 da ke yawo a kasuwanninmu injin 7S26 ne a cikinsu, wanda kamfanin ya fito da shi a 1996. Injin nan jaki ne wajen juriya, amma yana da hali guda da masu sayarwa ba sa faɗa: ba a naɗe sifirinsa da hannu. Ko ka kwana kana murɗa ɗan maɓallin gefen nan, ba abin da ka ƙara masa. Motsi kaɗai yake ci. In ya ƙoshi yakan yi wajen awa 40 a ajiye bai tsaya ba, amma mutumin da ke yini a kan kujera, ya cire agogo lokacin kowace alwala, ya manta shi a kan tebur daga la'asar, bai taɓa ƙosar da shi ba. Dole ya mutu kafin asuba. Da mai shagon ya ce maka, "Malam, in ka ɗauka da safe ka ɗan kaɗa shi gefe da gefe na rabin minti, kuma ka bar shi a hannu ya yini," da wataƙila ba mu zo nan ba.

To a nan laifinsa yake, kuma ba ƙarami ba ne. Ya sayar maka da abin da bai yi maka bayaninsa ba, ka dawo da kuka, maimakon ya karɓa ya duba sai ya ɓuya a bayan takarda. Ni a wurina da wannan ake auna mai shago: fuskar da zai nuna maka ranar da ka dawo da kaya. Ranar saye kowa mutumin kirki ne, har kujera za a jawo maka a aiko da ruwan sanyi.

Rubutun nan na ƙasan rasit kuwa, kada ya firgita ka. Idan kaya yana da aibin da aka ɓoye, ko aka ce na asali ne alhali jabu ne, rubutun bai kare kowa ba. A shari'a mai saye yana da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da ba a bayyana masa ba, kuma hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, ba ɗan kasuwar da bai san shi ba. A dokar ƙasa ma, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kayan da ya fito da lahani. Sai dai ni ban cika tura mutum hukuma a kan agogo ba. Kowane layi a kasuwa yana da shugabanninsa, kuma ɗan kasuwa ya fi jin kunyar a kira shi gaban abokan sana'arsa a kan ya sayar da jabu fiye da tsoron takardar ofis.

Amma kafin ka ɗaga murya, tabbatar da abin da ke hannunka. Juya agogon ka dubi murfin baya. Za ka ga lamba mai kashi biyu da ɗan layi a tsakani; kashin farko shi ne sunan injin, misali 7S26, ko 7009 a tsofaffi, ko 4R36 a na baya-bayan nan. Sannan ka dubi can ƙasan fuskar agogon, kusa da ƙarfe shida, akwai wani ƙanƙanin rubutu da sai ka ƙura ido. Sunan injin da ke nan ya kamata ya dace da na murfi. Akwai kuma doguwar lambar da ke murfin baya da ta keɓanta da agogonka: harafinta na farko shi ne lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma wata. Daga nan sai ka kalli hannun daƙiƙa. Injin 7S26 yana bugawa sau shida a daƙiƙa guda, saboda haka hannun tafiya yake yi sumul kamar yana rarrafe. In ka ga an rubuta otomatik a fuska, wato mai cin motsi, amma hannun yana tsalle ɗai-ɗai, tik, tik, to batir ne a ciki, magana ta ƙare.

Akwai nau'i na uku da ya fi jabu wahalar da mu, wanda ba na asali ba, ba kuma jabu ba. Tsofaffin agogo ne ake tattarawa, galibi daga Indiya, a ɗauki inji daga wannan, gida daga wancan, a yi wa fuska sabon fenti mai ɗaukar ido, kore shar ko ja wur, a goge a sa a leda. Injin Seiko ne na gaske, sai dai ya shekara talatin yana aiki ba a taɓa wanke shi ba. Mai shago zai iya dafa littafi ya rantse cewa Seiko ne, kuma bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi gaskiya ba. Shi ya sa tambayar "na asali ne?" ba ta da amfani, amsarta ɗaya ce a duk kasuwar duniya. Tambayi abin da zai ɗaure shi: sabo ne ko na hannu? Wane inji ne a ciki? In ya tsaya cikin wata guda, canja mini za ka yi ko gyarawa? Duk amsar da ya bayar, ka ce ya rubuta a bayan rasit ɗin tare da lambar murfi. Wanda ya san kayansa zai ɗauki biro ba gardama. Wanda ya fara cewa "Haba Alhaji, ai mun wuce haka da kai," ka mayar da kuɗinka aljihu.

Ba kuma ina cewa kada a sayi mai araha ba ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ka sayi Rolex a kuɗin buhun masara, kai da mai sayarwa duk kun san wasan da kuke yi, ba wanda ya cuci wani. Cuta ita ce a karɓi kuɗin gaske a ba ka na wasa. Wanda ke neman agogon da zai riƙa gaya masa lokaci kawai, Casio F-91W da aka fito da shi tun 1989 yana nan, batirinsa guda na kai wajen shekara bakwai, kodayake shi ma jabunsa ya cika gari.

Yanzu mu zo kan ɗan'uwana mai gyara, inda maganar ta fi yi mini ciwo.

Agogon da ke ƙara minti biyar a rana ba saiti ne kawai ya kuɓuce masa ba. Irin injinka in ya ƙara ko ya rage daƙiƙa ashirin ko talatin a rana, ba wanda zai ce ya yi laifi. Minti biyar kuwa alama ce ta ɗayan abu biyu, ko uku. A cikin injin akwai wata ƙaramar ƙafa mai kai da komo, a jikinta akwai wata waya naɗaɗɗiya da ta fi gashin kai siranta. Tsawon wayar nan shi ke yanke saurin agogo. In zagayenta suka manne da juna, ta zama gajera ke nan, agogo sai ya zura da gudu. Abin da ke manne su kuwa, ko mai ne ya zuba a kansu, ko maganaɗisu ya kama su. Na ukun shi ne a ce ya ture ɗan hannun saitin da ke kanta da bakin sukundireba.

Maganaɗisu ba lalle laifinsa ba ne; ajiye agogo a kan sifika, ko kusa da murfin waya mai maganaɗisu, ya isa. Kana iya gwadawa a gida: ɗauko kamfas ɗin duba alƙibla, ka kawo agogon kusa da shi a hankali kana juya shi. In allurar ta riƙa binsa tana fizga, an kama ɓarawo. Cire shi aikin daƙiƙa kaɗan ne da wata 'yar na'ura, ko murfi ba sai an buɗe ba, kuma ni ba na karɓar ko sisi a kansa.

In mai ne, to ka faɗa hannun masu wankan fetur. Na san aikin domin da shi na buɗe ido ina yaron shago. A ciro inji ɗungurungum, a tsoma a murfin kwalba mai fetur, a kaɗa, a hura da baki, a ɗiga man keken ɗinki, a rufe. Agogo zai tashi nan take, mai shi ya tafi yana sa albarka, bayan sati biyu man ya bi ko'ina ya kwashi ƙurar hunturu ya zama taɓo. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Sabis na gaskiya sai an warware injin ƙwaya-ƙwaya, an wanke kowane ƙarfe daban, a mayar, a sa mai iri-iri a wurare daban-daban, kowane ɗigo bai kai kan allura ba. Man da ake sa wa ƙananan duwatsun da ƙafafun injin ke juyawa a kansu, irin Moebius 9010 na Siwizalan, 'yar kwalbarsa ba ta kai ɗan yatsa ba amma ta fi wasu agogunan tsada. Aikin yini guda ne, sannan a ajiye agogon kwana uku ko huɗu ana lura da tafiyarsa, a kwance, a tsaye, a kife. Saboda haka sati guda ba jinkiri ba ne. Sati uku na "dawo gobe" kuwa, ko dai bai taɓa shi ba sai ranar da ka matsa, ko ya karya wani abu yana yawon neman madadinsa, kunya ta hana shi faɗa.

Maigidana na biyu, wanda ya raba ni da kwalbar fetur, almajiri ne sosai. Ranar da na fara zama a shagonsa, kafin ya miƙo mini ko matsefata, sai ya karanto mini wurin da Risala ta ce masu sana'ar hannu su ke da lamunin duk kayan da aka bar musu suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Ya ce, "Ka ji ko? Daga lokacin da mai agogo ya juya baya, bashi ne a wuyanka." Wannan shi ne hukuncin mazhabar Malikiyya da muke bi, kuma amsar tambayarka ce kai tsaye: abin da ya lalace a hannun mai gyara, shi zai gyara ko ya biya, sai fa in akwai shaidar cewa abin ya fi ƙarfinsa ne, kamar gobara.

Duk da wannan karatu sai da na yi abin kunya, kuma gara in faɗa maka da bakina. Wani dattijo ya kawo mini Orient mai tauraro uku, ya ce mahaifinsa ne ya sayo shi a Makka. Fuskar ta dafe ta koma ruwan ƙasa, gefenta duk ɗigo-ɗigon tsatsa. Ya ce in tayar da shi kawai. Na yi sabis, agogo ya tashi lafiya lau. Sai ƙuruciya ta ce mini ai in burge shi. Ina da sabuwar fuska fara tas da ta dace, na sa masa, na goge gidan har yana ɗaukar ido, ban ƙara masa ko kwabo ba. Ya zo, na miƙa masa ina murmushi. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya kai kunne, sannan ya ajiye a kan tebur a hankali ya ce, "Yaro, wannan agogo ne mai kyau. Ina nawa?" Allah ya taimake ni tsohuwar fuskar tana cikin gwangwanin tarkace ban zubar ba, na mayar masa da ita a gabansa hannuna na rawa. Amma ƙarzar da ke gefen gidan, wadda ya ce ta samu ne ranar da mahaifinsa ya faɗi a kan keke, na riga na goge ta. Bai yi mini faɗa ba, ya biya kuɗinsa cif. Bai kuma sake dawowa ba.

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina ƙa'ida, kuma ita nake so ka nema a wurin duk wanda za ka ba agogonka. Ina buɗe murfi a gaban mai shi, in miƙa masa madubin ido ya leƙa ya ga injinsa, ko bai fahimci komai ba. In faɗi abin da na gani, da kuɗin, da ranar karɓa, kafin ya tafi. In na shiga ciki na tarar da wata ɓarnar, waya nake yi, ba na yanke hukunci ni kaɗai. Duk abin da na cire kuma, ko mataccen batir ne, ina ƙulle shi a leda in haɗa masa. Wannan na ƙarshen shi ne maganin zargin da ya fi yawa a sana'armu, wato an sace inji an sa na banza. Yana faruwa kuwa, musamman a agogon batir, inda inji irin Miyota 2035 yake da kwaikwayo masu arha da za su zauna daram a gurbinsa. Ɗauki hoton injinka da waya kafin ka bar shagon. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, shi ma ka rufa masa asiri ne.

Tunda na ambaci batir, bari in ɗan ratse. Batir biyu ne masu girma ɗaya sak: SR626SW, wanda ake kira 377, da LR626. Na farkon shi ne na agogo, ƙarfinsa ba ya sauka sai dab da mutuwarsa. Na biyun ya fi araha nesa, ba ya daɗewa, kuma ya fi saurin tsiyayar da wani farin gishiri da ke cinye inji. Da yawa ana karɓar kuɗin na farko a sa na biyu. Ka ce a ɓare shi daga takardarsa a gabanka. In kuwa agogonka Citizen Eco-Drive ne mai cin haske, kada ka yarda a sa masa batir na gama-gari ko kaɗan. Nasa mai caji ne, kuma sau da yawa kwana biyu a bakin taga ne kawai maganinsa.

Mu ma dai muna da kukanmu a kan masu kawo gyara. Rabin faɗan da ake yi a teburina a kan ruwa ne. Mutum ya ga an rubuta mita 30 a murfi, ya ɗauka zai iya nutso da shi a Tiga. Mita 30 ɗin nan awon matsi ne a ɗakin gwaji, ma'anarsa yayyafi da fantsamar wanke hannu. Iyo sai mai mita 100. Kuma abin da ke tare ruwan wata siririyar roba ce a bakin murfi da wata a maɓalli. Zafinmu yana busar da ita, turaren da muke fesawa a wuyan hannu yana cin ta, kowane buɗe murfi yana rage mata ƙarfi. Mai alwala sau biyar a rana da agogo a hannu, ya dace a canja masa robar nan duk lokacin da aka canja batir. In ka ga raɓa ta kwanta a cikin gilashi, ranar za ka kawo, ba bayan sallah ba. Haka masu canja kwanan wata da tsakar dare: tsakanin tara na dare da huɗu na asuba haƙoran da ke juya kwanan suna a sarƙe, in ka tilasta sai su karye, da safe a ce mai gyara ne.

Kada kuma ka zaci masu manyan agogo sun huta. Rolex yana ba da garantin shekara biyar tun 2015, Omega ma ya koma biyar a 2018, amma garanti ba ya aiki sai da katin da dillalin da kamfani ya amince da shi ya cika da kwanan wata. Alhazai da yawa kan sayo Rado a Jidda ko Dubai, a yi musu ragi mai daɗi, su dawo da kati fari fat ba hatimi. Ko da hatimin ma, gilashi da maɗauri da batir ba sa cikin alkawari. Sannan tun ƙarshen 2015 rukunin Swatch, mai Omega da Rado da Tissot da Longines, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara, saboda haka in na ce maka wani ƙarfen Rado ba ya samuwa a nan, ba wayo nake yi maka ba. Sai dai a aika waje, a jira watanni.

Ga abin da za ka yi da naka. Fara da gwajin kamfas da duba lambobin nan yau da daddare. In lambobin ba su dace ba, ko hannun daƙiƙa yana tsalle, ka bar maganar mai gyara tukuna, ka nufi mai shago da rasit ɗinka da mutum guda da zai tsaya maka shaida, ka yi masa magana a hankali ba a gaban kwastomominsa ba. In ya ƙi, sai shugaban layi. Ka sani dai zai kafa hujja da cewa wani ya riga ya buɗe agogon, kuma hujjar tana da ɗan ƙarfi, don haka in ya ce a raba asara, ka duba. In kuwa agogon na asali ne, koma wurin mai gyaran ka tambaye shi abu ɗaya: "Malam, me ka yi masa?" In ya iya lissafa maka, ba shi dama ya gyara aikinsa kyauta, ku sa rana. In ya ce "ai na wanke shi ne," karɓi abinka ka yi masa sallama. Wanda za ka kai wa na gaba, ka gaya masa duk abin da ya faru, kada ka ɓoye cewa wani ya taɓa, ka kuma roƙe shi ya fara duban siririyar wayar nan. In mai ne kawai ya manne ta, wanki zai raba su. In an lanƙwasa ta, kada ka biya kuɗin miƙewa. Injin 7S26 na hannu ba ya wuyar samu, a ciro ƙafar gaba ɗaya daga wani a sa maka, a ba ka tsohuwar a leda.